Filina ya karkace: yaya zan san ainihin girmansa?

"Assalamu alaikum Malam. Na sayi fili na awon igiya a bayan Ɗorayi. A takardar ciniki an rubuta 50 da 75. Da na tashi zagaye shi da katanga, ni da magini muka ja tef, sai muka samu gaba ƙafa 50, baya 40, gefen dama 80, gefen hagu 70. Na koma wa dillali, ya ce ai duk ɗaya ne, in na haɗa 80 da 70 na raba biyu 75 zan samu, abin da ya ragu a baya kuma an rama mini a gefe. Hankalina bai kwanta ba, ga lissafin makaranta duk ya gudu. Don Allah yaya ake lissafa girman fili, kuma nawa ne nawa? In ba damuwa ka haɗa mini da lissafin tayil, domin ɗakin da zan fara ginawa 12 da 14 ne."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Allah ya sanya albarka a filin, ya ba da ikon ginawa.

In na fahimce ka, abu uku kake son sani: ko filin ya kai abin da aka rubuta maka, ko maganar dillali tana kan hanya, sai kuma yawan tayil. Na shekara sama da ashirin ina koyar da lissafi a sakandare a nan cikin birni, kuma dalilin haka mutanen unguwa kan kira ni in riƙe bakin tef idan za a raba gado ko an samu saɓani a kan iyaka. Irin tambayarka na sha jin ta, mafi yawa bayan an riga an zuba tubali. Kai ka yi dabara da ka tambaya kafin katanga ta tashi.

Awo huɗun da ka turo ba su isa a faɗi ainihin girman filinka ba, akwai na biyar da sai ka koma ka ɗauko. Amma sun isa in gaya maka, ba tare da shakka ba, cewa filin bai kai 50 da 75 ba. Zan bi da kai sannu a hankali har ka ga dalili da idonka, don kada ka bar maganar dillali ka kama tawa alhali ba ka fahimci ko ɗaya ba.

Me muke ƙirgawa idan muka ce girman fili?

Ɗauki kwali ka yanka shi ƙafa ɗaya tsawo, ƙafa ɗaya faɗi. Wannan shi ne murabba'in ƙafa ɗaya. Duk lokacin da aka ce a lissafa girman fili, ko ɗaki, ko bango, tambayar ita ce: irin wannan kwali guda nawa za a shimfiɗa su rufe wurin, ba gibi ba haurawa? Shi ke nan. Duk wata ƙa'ida da aka sa ka haddace a aji hanyar gajarce wannan ƙirga ce.

Ɗakinka mai 12 da 14, in kusurwoyinsa a miƙe suke, jeri ɗaya zai ci kwali 14, kuma jeri 12 za ka yi. 12 sau 14, ka samu 168. Daga nan "tsawo sau faɗi" ya fito. Wannan siffa ita ake kira murabba'i mai dari, in kuma tsawo da faɗi sun zo ɗaya sai a ce murabba'i kawai. Sharaɗin da mutane ke mantawa shi ne na kusurwa: dole kowace kwana ta zama sukwaya, kamar yadda magina ke faɗa, wato digiri 90. In kwana ta kauce, jerin kwalayen ba zai zauna ba, ninkawar ma ta tashi daga aiki.

Akwai ruɗani guda biyu da nake so mu kawar tun yanzu. Na farko shi ne haɗa kewaye da girma. Kewaye shi ne tsawon igiyar da za ta zagaye filin, shi ke gaya maka yawan bulon katanga. Girma kuwa shi ne sararin ciki. Fili mai 50 da 100 kewayensa ƙafa 300, girmansa 5,000. Mai 75 da 75 shi ma kewayensa 300, amma girmansa 5,625. Mai 25 da 125 kewayensa dai 300 ɗin ne, girmansa kuwa 3,125 kacal. Bulo ɗaya za su ci, amma wani ya kusa ninka wani a sarari. Saboda haka duk wanda ya ce maka "an rage nan an ƙara can, ai igiyar ɗaya ce", maganar kewaye yake yi, ba maganar girma ba.

Na biyu shi ne zaton 50 da 50 rabin 100 da 100 ne. Kwata ne. 100 sau 100 dubu goma, 50 sau 50 kuwa 2,500. In ka raba tsawo biyu ka raba faɗi biyu, girma huɗu ya rabu. Na ga dattijo mai hankali, ɗan kasuwa da ba a cutarsa a lissafin kuɗi, ya yi wannan kuskure a kan fili, domin kunne yana jin hamsin rabin ɗari ce sai ya wuce.

Alwatika, uwar awon fili

Ɗauki takarda mai kusurwa huɗu a miƙe, ka yanka ta daga wannan kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta a giciye. Za ka samu alwatika biyu, in ka ɗora ɗaya a kan ɗaya su yi daidai. Ke nan kowace ɗaya rabin takardar ce. Shi ya sa girman alwatika yake rabin gindi sau tsayi. Alwatika mai gindi ƙafa 30 da tsayi 20, rabin 600 ke nan, wato 300.

Kalmar tsayi ita ce wurin da ɗalibaina suka fi faɗuwa, kuma ita ce zuciyar matsalarka. Tsayi ba gefen da ya jingina ba ne. Layi ne da ya sauko sak daga ƙololuwa ya dira a kan gindi a tsaye. Dubi tsani da aka jingina a bango: tsanin ƙafa 12 ne, amma inda kansa ya taɓa bango bai kai ƙafa 12 daga ƙasa ba. Kullum abin da ya jingina ya fi tsayin gaskiya tsawo. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Siffar da gefunanta suka jeru biyu-biyu amma ta kishingiɗa, wadda littafin makaranta ke kira faralelogiram, ita ma gindi sau tsayi ce, domin in ka yanke ɓangaren da ya leƙo ta wannan gefe ka mayar da shi wancan, ta koma murabba'i mai dari. Sai tirafiziyam, wadda gaba da bayanta suka jeru ba sa haɗuwa ko an ja su har Wudil, amma ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ita ana haɗa gaba da baya a raba biyu, a ninka da zurfin filin na tsaye. Gaba 50, baya 40, zurfi 75: 45 sau 75, a samu 3,375. A nan haɗawa a raba biyu daidai ne, kuma ina jin daga nan dillalai suka samo dabararsu. Sai dai sun ɗauki rabin ƙa'idar sun bar sharaɗinta.

Inda lissafin dillali ya kauce

Mu fara da bin sa a kan hanyarsa. Ya haɗa 80 da 70 ya raba biyu ya samu 75, ya tsaya. To in adalci za a yi, sai ya haɗa 50 da 40 shi ma ya raba biyu, ya samu 45. Ke nan ko a lissafinsa filinka 45 sau 75 ne, 3,375, alhali takarda ta ce 50 sau 75, wato 3,750. Tun nan an rasa 375. Ƙafa biyar da ta ƙaru a dama ita ce ta biya ƙafa biyar da ta ragu a hagu, ta gama aikinta. Ba abin da ya rama maka ƙafa goman da ta ɓace a baya.

Ba na cewa da gangan ya yi. Wannan hanya ta haɗa gefuna masu fuskantar juna a raba biyu a ninka tsohuwa ce ƙwarai. A jikin wani tsohon gini a Edfu ta ƙasar Masar akwai rubutun awon gonaki na sama da shekara 2,000 da aka yi da ita. Tana da sauƙi, kuma in fili ya kusa zama murabba'i mai dari kuskurenta kaɗan ne. Aibinta ɗaya: tana ɗaukar gefen da ya jingina a matsayin tsayi. Tunda kuwa mai jingine ya fi tsayin gaskiya, amsarta ba ta taɓa gazawa ga ainihin girman, sai dai ta zo daidai in kwanoni huɗun duk sukwaya ne, ko ta zarce. Wato kullum kuskurenta a kan mai saye yake faɗawa.

Ga abin da nake yi wa ɗalibai a aji. Nakan sa su kawo karan dawa huɗu, mu ɗaure bakunansu da zare su yi kusurwa huɗu. Sai in tura kusurwa ɗaya da yatsa. Siffar ta kishingiɗa, sararin ciki ya matse, in na ci gaba har ya kusa rufewa. Ko kara ɗaya bai gajarce ba. Sannan mu ɗaure kara uku, in ce wani ya tura. Ba ta motsi. Wannan ne dalilin da kafinta ke buga katako a giciye a bayan ƙofar langalanga, kuma shi ne dalilin da kake ganin alwatika-alwatika a katakon rufin kwano. Gefe uku suna kulle siffa, gefe huɗu ba sa kullewa. Fili dubu za su iya zama da 50, 80, 40, 70 irin naka, kowanne da girmansa.

Awo na biyar shi ne na giciye. Ka kafa tef a kusurwar gaba ta hagu, ka ja shi ta tsakiyar fili zuwa kusurwar baya ta dama. Wannan layi ya raba filin alwatika biyu: ɗaya mai gaba 50 da dama 80 da giciyen, ɗaya mai hagu 70 da baya 40 da giciyen. Ka lissafa kowacce, ka haɗa.

Za ka ce to tsayin alwatikar fa, wa zai auna shi a cikin ciyawa? Ba sai an auna ba. Akwai ƙa'idar da ake jingina wa Heron, wani masani da ya zauna a Iskandariyya a ƙarni na 1 Miladiyya, wadda gefe uku kawai take buƙata. Ka haɗa gefunan uku ka raba biyu, wannan rabin kewaye ke nan. Ka cire kowane gefe daga rabin kewayen, ka samu lambobi uku. Ka ninka su ukun tare da rabin kewayen. Abin da ya fito, ka nemi tushensa, wato lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da shi. Kalkuletar wayarka tana da alamar √, ita ke wannan aiki.

Mu ɗauka ka auna giciyen ka samu 90. Alwatika ta farko 50, 80, 90: jimla 220, rabi 110. Cirewa ta ba da 60, 30, 20. 110 sau 60 sau 30 sau 20 ya zama 3,960,000, tushensa 1,990. Ta biyu 70, 40, 90: jimla 200, rabi 100, cirewa 30, 60, 10. Ninkawa ta ba da 1,800,000, tushensa kusan 1,342. Haɗa biyun, filinka murabba'in ƙafa 3,332.

In kuwa giciyen 100 ne, ta farko za ta ba da 1,981, ta biyu 1,093, jimla 3,074. Ka ga gefunan ba su canza ba, amma 258 ta zube, kusan ɗaki biyu na 12 da 12. Shi ya sa na ƙi yanke maka lamba ɗaya daga nesa.

To ta yaya na tabbatar filin bai kai ba? Wani masanin lissafi na Indiya, Brahmagupta, ya rubuta ƙa'ida a shekarar 628 mai kama da ta Heron amma ta gefe huɗu. Amsarta ita ce girma mafi yawa da gefuna huɗu za su iya rungumewa, duk yadda aka juya kwanoninsu. Naka jimlarsu 240, rabi 120. Cirewa: 70, 40, 80, 50. Ninka su huɗun, 11,200,000, tushensa 3,347. Wannan shi ne iyaka, filinka ba zai haura nan ba ko da sa'a ta kai sa'a. Tsakaninsa da 3,750 akwai 403, sama da kashi ɗaya cikin goma, kusan ɗaki uku na 12 da 12. In an yi cinikin ne a kan girman da ke takarda, a kowace Naira miliyan ɗaya da ka biya wajen 107,000 ta tafi a kan ƙasar da babu ita.

Ina ɗaukar wannan magana da nauyi saboda ni ma na taɓa faɗawa ramin. Farkon fara aikina aka kira ni rabon wani kango na gado a cikin birni, irin gidajen nan da bangonsu ke bin lungu yana lanƙwasa. Na auna gefuna, na haɗa na raba biyu, na fitar da kason kowa. Wani tsohon magini da ke wurin bai ce mini komai ba, sai ya ɗauki igiya ya ja ta a giciye a kason wata baiwar Allah da ya faɗo ta ƙuryar da ta fi karkacewa, ya ce in sake lissafi. Da na sake, na tarar na rubuta mata ƙasar da ba ta nan, kasonta ya gaza haƙƙinta. Aka warware rabon aka sake. Da an tafi a haka, da ni ne na tauye marainiya da alƙalamina, kuma hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito a kan wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci ba ya bar wa mutum barci. Tun ranar ban ƙara barin fili ba tare da na ɗauki giciye ba. Ba mamaki da Al-Khwarizmi, wanda ya yi zamani a Bagadaza wajen shekarar 820, ya haɗa babin awon ƙasa da lissafin wasiyya da gado a littafinsa na aljabara. Ya san wurin da ake buƙatar abin.

In fili ya fi kusurwa huɗu, hanyar ba ta canzawa. Ka tsaya a kusurwa ɗaya ka ja igiya zuwa sauran, mai kusurwa biyar ya ba ka alwatika uku, mai shida ya ba ka huɗu.

Ƙafa, mita da kwalin tayil

Mu a Kano da ƙafa muke cinikin fili, amma takardar safiyo da mai tayil da mita suke magana. Ƙafa ɗaya mita 0.3048 ce, mita ɗaya kuma ƙafa 3.28. Tarkon yana nan: sukwaya mita ɗaya, wato murabba'in mita ɗaya, ba murabba'in ƙafa 3.28 ba ce, 3.28 sau 3.28 ce, wato 10.76, domin tsawo da faɗi duka aka juya. Wanda ya raba da 3.28 zai sayi kaya ninki uku na abin da yake bukata.

Saboda haka 50 da 75 sukwaya mita 348 ne, iyakar naka kuma 311. Fuloti mai 50 da 100 yana da 464 da rabi. Eka ɗaya murabba'in ƙafa 43,560 ce, wato sukwaya mita 4,047, ba ta kai fuloti tara na 50 da 100 ba, tun ma kafin a fitar da hanya. Hekta kuwa mita 100 da 100 ce, sukwaya mita 10,000, kusan eka biyu da rabi.

Ɗakinka 168 ne, raba da 10.76, ka samu sukwaya mita 15.6. Tayil mai santimita 60 da 60 kowane ɗaya yana rufe 0.36, kuma galibi huɗu ne a kwali, wato 1.44. Raba 15.6 da 1.44, kwali 10.8, ka ce 11. Amma kada ka sayi 11. Za a yanka na bakin bango, wani zai fashe a hanya ko a hannun mai aiki. Ni nakan ƙara kashi goma cikin ɗari, wanda zai kai ka kwali 12. In za a jera shi a karkace don ado, ɓarnar yanka ta fi haka. In ka shiga kasuwa, ko Ƙofar Ruwa ko wani wuri, ka karanta sukwaya mitar da ke jikin kwalin da kanka, domin yawan da ke ciki yana bambanta da girman tayil da kamfani. Kuma ka saya gaba ɗaya, don in ka dawo ciko bayan wata uku da wuya launin ya zo iri ɗaya.

Ga wasu abubuwa ƙanana. Ka auna ɗakin daga ciki bayan an yi filasta, ba daga zanen gini ba. Sikatin kuma, wato siririn tayil da ke bin gindin bango, lissafin kewaye ne: 12 da 14 da 12 da 14, ƙafa 52, ka cire faɗin ƙofa. Falo mai siffar L ka raba shi murabba'i mai dari biyu ka haɗa. Fenti, tsawon bango sau tsayinsa, ka cire ƙofa da taga. Kwanon rufi kuwa ba a lissafa shi da girman daɓe, saboda gangarensa ya fi daɓen faɗi, maganar tsanin nan ce dai ta sake dawowa.

Da'ira

Ba ka tambaya ba, amma mai gini ba ya rasa rijiya ko murfinta, don haka bari in taɓa. Duk da'ira, ko faifai ce ko bakin rijiyar rini ta Ƙofar Mata, in ka zagaye ta da zare ka gwada da faɗinta ta tsakiya, zaren zai yi faɗin sau uku da ɗan ɗori. Wannan lamba ita ake kira fai, kusan 3.14, a makaranta kuma akan yi aiki da 22 bisa 7. Arkimidis na tsibirin Sisili, a ƙarni na 3 kafin Miladiyya, ya nuna cewa tana ƙasa da 22 bisa 7 da ɗan kaɗan, ta hanyar kewaye da'ira da siffa mai gefe 96.

Girman da'ira shi ne rabin faɗinta sau kansa, sau fai. Don ka ga dalili, yanka gurasa daga tsakiya zuwa baki gida goma sha shida, ka jera yankan ɗaya kai sama ɗaya kai ƙasa. Za su yi kusan murabba'i mai dari, faɗinsa rabin faɗin gurasar, tsawonsa rabin kewayenta. Ninka su, ƙa'idar ta fito. Ka ga ita ma gida ɗaya ta koma.

Murfin rijiya mai faɗin ƙafa 4: rabi 2, 2 sau 2 huɗu, sau 3.14, murabba'in ƙafa 12.56. Wanda ya manta ya raba faɗin biyu zai samu ninki huɗu. Haka gurasar da ta ninka wata a faɗi, huɗunta ce ba biyu ba, haka kuma bakin bututun ruwa mai inci 2 huɗun mai inci 1 ne.

Inda tef yake tsayawa

Duk lissafin nan ba zai fi awon da aka ba shi kyau ba. Tef ɗin leda yana miƙewa in an ja shi da ƙarfi, yana yin ciki in an sake shi. Ku zama mutum biyu ko uku, ku kafa turaku a kusurwoyi, ku auna kowane layi sau biyu. In da hali ka ɗauki giciye na biyu, daga kusurwar gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu, ka sake lissafin da shi. Amsoshin biyu su zo kusa da juna. In sun yi nisa, akwai awon da ya kuskure, ko kuma wani gefen ba a miƙe yake ba, yana da ciki ko doro. In filin gangare ne, a riƙe tef a kwance ba bin ƙasa ba, domin girman fili a takarda na shimfiɗe ne. Awon taku da gaba da kamu, da manyanmu suka yi aiki da su, suna bin jikin mai awon, ba a kafa hujja da su. Manhajar awon fili ta waya kuma tana iya kaucewa da mitoci, a gona mai hekta biyar ba laifi, a fili irin naka kuskuren zai haɗiye amsar.

Ni malamin lissafi ne, ba safiyo mai rajista ba. Lissafina zai ba ka ƙafar tsayawa a gaban dillali, amma ba zai zama takardar hukuma ba. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 filayen birni suna hannun gwamna ne a matsayin amana, kuma in kana son takardar shaidar mallaka sai an bi ta ma'aikatar ƙasa da KANGIS, wato hukumar adana bayanan filaye ta Jihar Kano, da zanen safiyo mai nuna kusurwoyi da girma a sukwaya mita. Izinin gini kuma na KNUPDA ne, wato hukumar tsara birane ta Jihar Kano. Filin awon igiya ya fi kowanne buƙatar wannan, domin wani lokaci ƙafa goman da ta ɓace a baya ba dillali ne ya ci ba, maƙwabci ne ya matso da turkensa, ko an yanke ta an ba hanya. Tef zai gaya maka nawa ya ragu, ba zai gaya maka wa ya ɗauka ba.

Haka batun ko a mayar maka da wani abu daga kuɗinka. Ya danganta da yadda aka ƙulla cinikin: an sayar maka da 50 da 75 ne, ko an nuna maka fili da iyakokinsa ka gani ka ce ka saya? Wannan hukunci na malaman fiƙihu ne da alƙali, ba nawa ba.

Shawarata ka dakatar da magini tukuna. Ka je da sassafe kafin rana ta yi zafi, ka ɗauki giciye biyun, ka zana filin a takarda ka rubuta kowane awo a kan layinsa. Sannan ka nemi mai unguwar da ya sa hannu a takardar, da dillali, da mai filin na asali, da maƙwabcin baya, a sake jan tef a gaban kowa. In ka samu awon giciyen ka turo mini, in bi lissafin tare da kai kafin ranar zaman.